Rumfar Furen Malam Gidaɗo

Ku gyara zama, labarin nan ba ya son gaggawa, domin shi ma mai labarin bai taɓa gama wani abu da wuri ba.

A birnin Alƙahira, a unguwar Hay el-Sabi' inda ɗalibanmu suka fi yawa, an yi wani mutum ana ce masa Malam Gidaɗo. Karatu ne ya kawo shi Masar, kuma a shekarar da wannan abu ya faru, 2014, yana cikin shekararsa ta goma sha huɗu a karatun da ake gamawa cikin shekara huɗu. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce shi ba ya son ilimin sama-sama, shi ya sa yake zama a kowane aji har sai ajin ya san shi. Sana'arsa kuwa tafinta. In an kawo mara lafiya daga Najeriya, shi ke tarbo shi a filin jirgi, ya kai shi asibiti, ya tsaya tsakaninsa da likita yana juya magana, yana ɗan ƙara tasa.

A bakin Gidaɗo babu abin da bai iya ba, amma abin da ya fi tinƙaho da shi noma ne. Ya ce kakansa ya noma dami dubu a damina ɗaya har aka naɗa shi Sarkin Noma, kuma shi kaɗai ne ya gaji hannun a duk zuriyar. Hannun kuwa in ka gaisa da shi, sai ka ce burodin da aka fito da shi yanzu daga gidan gashi.

Shi da matarsa Murja suna zaune a hawan ƙasa na wani bene mai hawa biyar. A gefen gidan ta wajen titi akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, an kewaye shi da ƙarfe, da 'yar ƙofa da makulli. A nan Murja ke shuka yakuwa da kuɓewa da alayyahu da lalo. Mai gidan wata tsohuwar Bamisiriya ce, Hajja Amna, tana hawa na uku. Kullum da hantsi takan zuro kwando da igiya daga barandarta, Murja ta cika mata shi da lalo, wanda su suke kira mulukhiyya, ta ja abinta sama tana sa albarka. Sai dai Hajja na da ɗa, Hadi, wanda ya daɗe yana matsa mata a zuba wa filin siminti ya buɗe shagon katin waya. Hajja ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wata rana cikin sanyi Gidaɗo ya raka wani mara lafiya unguwar Ma'adi, ya tsaya jiransa a gindin katangar wani gidan masu hali. Ya ɗaga kai ya ga wata shuka ta naɗe katangar, babu ganye, sai wasu dogayen kwasfa masu gashi-gashi suna reto. Ya tambayi tsohon da ke kula da lambun. Tsohon ya ce sunanta wisteriya, ya zaro waya ya nuna masa hotonta lokacin fure. Gidaɗo ya ga furanni ruwan shanshanbale suna zubowa daga rumfa curi-curi kamar nonon inabi, har ba a ganin sama. Nan take ya roƙi iri. Tsohon ya tsinko masa kwasfa shida, ya ja masa kunne da abu uku. A jiƙa ƙwayar a ruwa mai ɗumi-ɗumi kwana ɗaya kafin a shuka. Kada a bari kowa ya kai ta baki, domin guba ce. Na uku, wadda aka shuka daga ƙwaya sai ta shekara goma, wani lokaci goma sha biyar, kafin ta yi furen farko.

Gidaɗo ya ji duka ukun sarai, Larabcinsa bai gaza ba. Ya yi murmushi irin na mai tausayi, ya dafa kafaɗar tsohon yana kiransa Ammu, wato baffa.

"Shekara goma sha biyar a hannun Bamisire ke nan, ya Ammu. A hannuna wata uku ne."

Da ya dawo gida ya tarar da Hadi a bakin filin da igiyar awo, Hajja Amna kuma na leƙowa daga baranda. Murja na tsaye a ƙofa ta yi tagumi. Gidaɗo bai ko ajiye jaka ba ya ɗaga kai ya fara jawabi. Ya san Hajja za ta aurar da autarta a farkon watan Yuni, kafin azumi. Ya ce mata in ta bar masa filin, to ranar bikin amarya da ango za su zauna a ƙarƙashin rumfar fure irin wadda sai a gidajen Ma'adi ake gani. Ya sa hoton da ya roƙi tsohon ya tura masa a cikin kwando, wato wayar gaba ɗaya, aka ja sama. Hajja ta daɗe tana kallo. Da kwandon ya sauko, maganarta ta biyo shi. Ta amince. In ranar biki akwai wannan furen, filin nasu ne har abada. In babu, washegari Hadi ya kawo siminti.

Murja ta ce da shi cikin ɗaki, da ya bar ta da Hajja da sun daidaita kamar yadda suka saba, yanzu ga shi ya sa rana. Ya ce mata mace ba ta gane manyan shirye-shirye sai an gama. Washegari da safe ya tsuguna ya tumɓuke yakuwar, ya tumɓuke alayyahun, har da lalon da ya fara leƙowa. Wannan ne aikin gona na farko da aka taɓa ganin ya yi, kuma ya kwana biyu yana ɗingishi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokinsa Abakar ya zo cin abinci da wasu ɗalibai biyu. Abakar Babarbare ne, kuku a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci, Gidaɗo kuwa Bafillace, don haka tun da suka san juna ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Gidaɗo ya shanya kwasfan a faranti a bakin taga, inda rana ke dukansu. A shekarun nan garin a tsorace yake, ko tayar mota ta fashe sai ka ga titi ya watse. Ana cikin cin tuwo Gidaɗo ya ɗauko labarin yadda a 2011 ya ratsa tsakiyar hayaniyar zanga-zanga shi kaɗai, hayaƙi ta ko'ina, bai ko ƙifta ido ba. Yana cewa shi Allah bai halicce shi da jijiyar tsoro ba, sai aka ji tas daga taga, wani abu ya wuce ta gefen kunnensa ya bugi bango. Aka sake jin tas, tas.

Da Murja ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tarar da ɗaliban sun kwanta rub da ciki, Abakar na zaune da lomarsa, mijinta kuwa babu shi. Sai ƙafarsa ɗaya da ta leƙo daga bayan firji. A ƙasa wasu ƙwayoyi masu faɗi kamar maɓallin riga suna ta gangarawa. Ashe haka kwasfar take, in ta bushe sai ta murɗe ta fashe ta harba 'ya'yanta.

"Fito, ɗan Fulani," in ji Abakar. "Ba kowa, 'ya'yan shukarka ne ke gaishe ka."

Gidaɗo ya fito yana kaɗe riga, ya ce ai wayar firjin ya je dubawa, tun jiya yake jin tana ƙauri. Abakar ya cire hularsa ya karkaɗe, ya ga wani abu a naɗinta, ya duba, ya jefa a aljihu ya ci gaba da cin tuwonsa.

Aka tsince ƙwayoyin, aka zo maganar jiƙo. Gidaɗo ya yi nazari irin na malamai. In ruwa mai ɗumi yana aikin a kwana ɗaya, to tafasasshe zai yi shi cikin awa ɗaya. Ya zuba su a butar shayi ya ɗora a wuta. Murja ta leƙo ta tambaye shi jiƙawa yake yi ko dafawa. Ya ce tashinsu yake yi daga barci. Suka tafasa har gidan ya ɗauki wani wari kamar na jiƙaƙƙen buhu. Ya tsame su sun yi lugub, ya binne su a jere yana karanto addu'o'i da ƙarfi don na sama su ji. Murja ta ɗauki butar da tsumma ta kai bola.

Sai taki. Ya hau rufin benen wurin wani maƙwabci mai kiwon tattabaru, ya ce zai nuna masa yadda ake kwasar kashinsu a ƙasar Hausa. Ya shiga akurkin da buhu, ya bar ƙofa a buɗe. Tattabaru arba'in suka tashi ta kansa, kowace ta bar masa tsaraba. Ya sauko hawa biyar da farin rawanin da bai hau da shi ba, matan gidan na leƙowa ta ƙofofi suna toshe baki.

A lokacin ruwan famfo yakan ɗauke a unguwar, don haka Gidaɗo ya kafa doka a gidansa. Daga yau ba a zubar da ko ɗigon ruwa a magudana. Ruwan wanke shinkafa, ruwan ɗauraye kofi, ragowar shayi, duka a kai wa shuka. Murja takan yi ƙosai duk ranar Juma'a saboda ɗalibai, sai ta tambaye shi har da ruwan wankin wake, don akan sami ƙwayoyin da ke bin ruwan.

"Har da shi," in ji Gidaɗo. "Musamman ma shi. Ke dai ki zuba, ki bar wa masu ilimin abin tunani."

Ta zuba.

Bayan kwana shida ƙasa ta tsage, tsiro ya fito ko'ina, har inda bai shuka komai ba. Gidaɗo ya fita titi da singileti yana kiran mai gadin gidan ya zo ya shaida. Ya ce dubi yadda suka bazu, saiwar ce ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa saboda ƙarfin hannu. Ya kira Abakar a waya ya sa masa tsiron a kunne, wai ya ji yadda yake girma.

Da ganye ya buɗe, Murja ta tsuguna ta duba. Ganye uku-uku ne a kowane reshe. Ta miƙe a hankali ta same shi yana shan shayi a sabuwar buta.

"Malam, abin nan fa wake ne."

Ya ajiye kofi ya dube ta kamar likita na duban mara lafiyar da ya kawo shawara. Ya ce kowace shuka tana ƙarama da wake take kama, kamar yadda jarirai duka kamarsu ɗaya. Ya ce ya san tana jin zafin yakuwarta, amma hassada ba ta dace da matar malami ba. Ta ce a hoton ganyen dogo ne mai 'ya'ya da yawa. Ya ce na Ma'adi ke nan, wannan kuwa ta Hay el-Sabi' ce. Murja ta juya ta koma wurin shukar. Ta ga filin ya riga ya tafi, amma ko ba komai wake abin ci ne. Kullum in ya fita asibiti sai ta shiga ta cire ciyawa, ta kwashe rabin kashin tattabarun da ke neman ƙone saiwa, ta ba da ruwa daidai misali. Shukar ta yi kore shar ta fara yaɗo. Gidaɗo ya bayyana wa ɗalibai cewa kallon da yake mata da safe ne sirrin, domin idon manomin gado taki ne.

Sai rumfa. Ya tara sandunan tsintsiya, da tsofaffin bututun ruwa, da ƙafar wani karyayyen gado. Igiya ta ƙare masa, sai ya hango wasu baƙaƙen wayoyi suna saukowa daga rufi ta jikin bango, ya ce da kansa waɗannan ba sa aikin komai. Ya sa almakashi. Ranar kuwa ana babban wasan ƙwallo, ana saura minti biyar a tashi. Tagogi goma suka buɗe lokaci guda. Abin da aka faɗa wa Gidaɗo a yammacin nan, a shekara goma sha huɗu bai taɓa cin karo da shi a littafi ba. Ya tsaya da wayar dish a hannu yana ta ba da haƙuri, ma'alish, ma'alish. Daga baya ya ce wa Murja maƙwabta sun fito ne suna yaba tsarin rumfar, ita ce ba ta jin Larabcin titi.

Rumfar ta tashi, amma tsakiyarta ya lotsa. Ya kifa bokiti, ya ɗora taɓaryar da Murja ta zo da ita daga gida a kai, ya tokare. Duk nauyin ginin ya koma kan wannan taɓarya. Abakar ya zo ya zagaya sau biyu, hannu a baya, ya ce shi a saninsa Bafillace wutsiyar saniya ya sani, yaushe aka fara ba su aikin injiniya. Ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina, ya dubi Murja, Murja ta dubi sama. Gidaɗo ya ce Babarbare in ya ga abin da ya fi ƙarfin tukunya sai ya rasa ta cewa. Abakar ya ce gaskiya ne, ya rasa.

A watan Mayu fure ya fito. Ƙanana ne, ɗai-ɗai, da ɗan shuɗi-shuɗi, su buɗe da safe kafin azahar sun yi yaushi. Hajja Amna ta leƙo ta ce, ya Sheikh, wannan ne? Ya ce waɗannan 'yan aike ne, manyan suna tafe. 'Yan aiken suka zube, wasu dogayen korayen kwasfa suka maye gurbinsu, suna reto daga rumfa. Gidaɗo ya yi tsalle. Ya ce ga su nan, irin waɗanda ya gani a Ma'adi, kube ne, furen na ciki a naɗe. Ya lissafa da yatsu ya sanar cewa ranar biki za su fashe kamar yadda suka yi a taga, fure ya zubo a kan amarya. Ya rubuta GUBA da Larabci da Hausa a kwali ya rataye, ya hana kowa matsawa kusa.

A makon bikin yana da wani mara lafiya, Alhaji Nata'ala, tsohon manomi daga ƙasar Kano da aka kawo cire yanar ido. An yi wa ido ɗaya aiki an rufe da bandeji, ɗayan kuwa haske kawai yake gani. Gidaɗo ya ga ai babu shaidar da ta fi ta manomi, sai ya gayyace shi. A cikin tasi ya yi ta gaya masa cewa yau zai taɓa abin da babu manomin da ya taɓa taɓawa daga Kano har Katsina. Alhaji ya ce to, Allah ya nuna mana, ko da yake shi sai dai a nuna wa hannunsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka jera kujeru a titi, aka kafa lasifika, mata na ta guɗa. Aka zaunar da amarya da ango a ƙarƙashin rumfa, farar rigarta ta cika filin. Mai hoto ya durƙusa yana jira. Kwasfa kuwa ko motsi. Gidaɗo ya sha babbar riga, tun safe yake zagaya su yana ɗan matsa su da yatsa yana musu raɗa. Ya zaunar da Alhaji Nata'ala a gefen rumfa, kusa da Abakar, ya karɓi abin magana. Ya fara da kakansa da dami dubu. Ya bi ta kan Ma'adi da tsohon da ya ce shekara goma sha biyar. Ya ce jama'a su ɗaga kai, domin kowane lokaci daga yanzu za su ga abin da za su ba jikokinsu labari. Jama'a suka ɗaga kai.

Sai wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba a wannan bazarar. Lasifika ya mutu, titi ya yi tsit.

A cikin wannan shirun wani ganye ya shafi kuncin Alhaji Nata'ala. Ya kai hannu ya kama, ya murza, ya kai hanci. Ya laluba ya kamo kwasfa ɗaya, ya bi ta da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya ɓalle ta ɗas. Muryarsa irin ta mutanen da suka saba magana daga wannan kunya zuwa waccan ce.

"Ikon Allah. Wane ne ya shuka wake ya yi masa rumfa kamar ɗan sarki?"

Abakar ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ce tunda tafinta na kan aiki bari ya taimaka masa. Ya juya maganar da Larabci, kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Alhaji ya ci gaba da cewa waken mai kyau ne, sai dai an so a kashe shi da taki, wani mai hankali ya cece shi. Abakar ya juya wannan ma. Sannan Alhaji ya kai kwasfar baki ya gartsa.

"Baba Alhaji, guba ce!"

Gidaɗo ya yar da abin magana ya daka tsalle zai ƙwace. Babbar riga ta harɗe shi, ƙafarsa ta daki bokiti, bokiti ya bar taɓarya, taɓarya ta bar rumfa. Sandunan tsintsiya da bututu da ƙafar gado da wayar dish da ganye suka sauko gaba ɗaya, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, suka lulluɓe amarya da ango da Sarkin Noma.

Aka yi carko-carko. Can ganye ya motsa, ango ya fito da kai, kwasfa biyu na reto a kunnensa. Daga ƙarƙashi aka ji amarya na dariya har tana shaƙewa. Mai hoto dai bai tsaya ba. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tsinci kwasfa ta ɗaga ta ce lubiya, wato wake da bakinsu, kalmar ta bi layin kujeru har ƙarshen titi, dariya na bin ta. Alhaji Nata'ala yana zaune inda yake, ko ganye bai taɓa shi ba, yana tauna, yana tambaya ko akwai gishiri.

Aka jawo Gidaɗo ta ƙafa. Ya miƙe da kwalin GUBA rataye a wuyansa, ya fara bayanin cewa iskar Masar ce ke sauya jinsin shuka, an rubuta haka a littattafai. Hajja Amna ta ɗaga hannu ya yi shiru. Ta ce ita a ƙauye aka haife ta, a gona ta yi rarrafe, tun ganyen farko ta san mene ne. Mai gadi ya sani, mai tattabaru ya sani, duk benen an sani.

"To me ya hana ku faɗa, ya Hajja?"

"Ka yanke mana dish, ya Sheikh. Me kake so mu kalla?"

Da dariya ta lafa sai ta ce alkawari alkawari ne. Babu fure, don haka Gidaɗo ya rasa fili, khalas, magana ta ƙare. Ta miƙa hannu ya zaro makulli ya ba ta. Hadi ya fara murmushi yana laluben igiyar awo a aljihun kwat. Murja na tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasar da ta shekara shida tana gyarawa.

Hajja ta juya makullin a hannu. Ta ce wata uku ke nan kwandonta na sauka yana hawowa wayam, ta koma sayen mulukhiyyar kasuwa mai ɗanɗanon takarda. Ta ce kuma daga baranda tana ganin wadda ke shiga kullum da hantsi tana gyara ɓarnar da aka yi da safe. Da Sheikh ta yi sharaɗi, kuma Sheikh ya faɗi. Ba ta yi sharaɗi da Murja ba.

"Zo, ya binti, zo 'yata. Karɓi. Ki mayar mini da mulukhiyyata. Amma in na hango ko yatsan ƙafar mijinki a ciki, Hadi na nan da simintinsa."

Murja ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta, ta ƙulle sau uku. Hadi ya mayar da igiyar awo. Matan biki kuwa suka bi rumfar da ta faɗi suna tsinkar wake a jakunkunansu, har uwar ango.

Washegari Juma'a Abakar ya zo cin ƙosai, riƙe da gwangwanin madara. A ciki akwai wani ɗan siririn tsiro da bai fi tsawon yatsa biyu ba, da dogon ganye mai 'ya'ya da yawa, sak na hoton. Ya ce ƙwayar da ta faɗa hularsa ce ranar da aka duba wayar firji. Ya jiƙa ta kwana ɗaya, ya tura a ƙasa, ya manta da ita a bayan kicin. Ya ajiye gwangwanin a gaban Gidaɗo.

"Ga wisteriyarka, ɗan Fulani. An ce shekara goma sha biyar. Kai ka riga ta da goma sha huɗu, sai mu ga wa zai fara fitar da fure, kai ko ita."

Gidaɗo ya ɗaga gwangwanin ya duba ta kowane gefe. Ya ce Babarbare ya takura ta, shi ya sa ta tsumbure, amma yanzu ta zo hannu. Ya ɗora ta a bakin taga, daga inda yake hango Murja tsugune tana watsa irin lalo, shi kuma ba shi da ikon taka wurin. Ya juyo ga ɗaliban da ke cin ƙosai ya tambaye su ko sun san wanda ya fara noman wake a Hay el-Sabi', ba tare da ya shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Sannan ya leƙa kicin ya ce a ɗora masa ruwa a wuta, yana so ya ɗan zaburar da shukar.

Murja ta shigo, ta ɗauke gwangwanin, ta kai shi cikin fili, ta ja ƙofa ta murɗa makulli.

Nan na baro su. Wisteriya na ciki tana girma a hankali, Malam Gidaɗo na waje yana ba ta umarni ta taga.